Bangon Gabas na Ɗakin Inna Yelwa

Zariya,
17 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga baiwata Maijidda, malamar makarantar Tsafe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Buba, da jaririyarku Halima. Ni lafiya lau nake, sai dai tuwon makarantar nan ya ramar da ni. In kin je Rawayya ki gaishe mini da mahaifiyarki Inna Yelwa, ki ce mata yaron da ta yi jinya a ɗakinta lokacin ƙyanda bai manta da kununta ba. Ki gai da yayanki Arzika can Gusau.

Na san kina nan kina kumbura don na ce baiwata. To, ki kumbura. Kakata Rakiya da kakanki Jibo ciki ɗaya suka fito, wasan taubashi gadonsa muka yi, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Har yanzu in na tuna yadda na aiko miki cewa sufeton makarantu zai zo ranar Litinin, kika sa yara suka share har bayan aji, kika ci ado kika zauna jiran mutumin da bai ma san da ke ba, sai in yi ta dariya ni kaɗai.

Na ji kina gaya wa mutane wai na zo jami'a koyon aikin birkila. Zanen gini nake koya, jahila. A wannan zangon ana koya mana kayan gini, da yadda zafi da ruwa da iska suke shiga gida su fita. Makon jiya malaminmu ya kawo tubali biyu na jar ƙasa, irin namu na gida. Ɗaya ya bar shi tsirara, ɗaya an shafe shi da siminti. Ya ɗauki buta ya yi ta tsiyaya musu ruwa. Kafin butar ta ƙare na tsiraran ya narke ya zama caɓi, na simintin ko gezau, ruwan sai zamewa yake yi. Wallahi ina kallo sai ɗakin Inna ya faɗo mini a rai.

Shekara nawa ana fama da ɗakin nan? Kowace bazara a kwaɓa ƙasa, a jiƙa makuba, a yi yaɓe, kowace damina ruwa ya wanke rabinsa. Ana raɗe-raɗin za a yi wa ma'aikata ƙarin albashi. In ya samu, ki gaya wa Arzika ya bar maganar sayen babur. Ya shafe ɗakin da siminti ciki da waje, a yi daɓen siminti, a zuba shi har saman soron. Shi ke nan an gama da yaɓe har abada, tsohuwa ta huta. In wani ya yi gardama a ce mai ilimin abin ne ya faɗa.

Ki rubuto, in kin iya riƙe alƙalami.

Ubangidanki,
Attahiru.

*

Tsafe,
9 ga Maris, 1975.

Zuwa ga bawana Attahiru, birkilan jami'a,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Malam Buba yana gaishe ka. Halima tana haƙori, ta hana kowa sakat. Inna lafiyarta ƙalau ban da gwiwa, ta ce a gaya maka har yanzu kunun yana nan in ka ga dama ka tako.

Ubangidan wa? Kai da na goya? Maganar sufeto kuwa ka bar ganin na yi shiru, ina nan ina dafa maka taka.

To, ka yi aiki. Da Babbar Sallah Arzika ya zo Tsafe, na nuna masa wasiƙarka don mu yi dariya, ai kuwa sai ya fizge ta ya sa aljihu. Ƙarin albashi yana fitowa ya ɗauko birkila daga Gusau, ya cika mota da siminti, sai Rawayya. Kai, ka ga jama'a! Har masu zuwa fadama suka ajiye fartanya suka tsaya kallo.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Ka tuna Baba Labbo magini, wanda ya gina ɗakin tare da marigayi babanmu, shi ne kuma yake yi masa yaɓe duk shekara? Ya zo yana dogara sanda, ya tsaya ya ga ana kwaɓa siminti, ya ce, "Arzika, mi za ku yi ma ɗakin ga? Ku bar shi shi sha iska. Ƙasa numfashi takai. In kunka toshe mata hanci, daga ciki za ta ruɓe." Sai Arzika ya zaro wasiƙarka ya karanta ta da ƙarfi a gaban mutane, har wurin da ka ce mai ilimin abin ne ya faɗa. Samari suka kwashe da dariya. Tsohon ya ratsa ta cikinsu. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a bangon gabas, ya daɗe a haka, sannan ya juya ya tafi. Na ji kunya ƙwarai, don hannun nan shi ya ɗaura mini karan farko da na yi wasan ɗaki da shi.

Amma fa ɗaki ya yi kyau, ba zan hana ka yabonka ba. Sumul, an shafa masa shuɗin fenti, ƙasa tana sheƙi. Mata suna tasowa tun daga Bungudu don su leƙa. Inna ta ƙi yarda Arzika ya tafi da wasiƙar. Ba ta iya karatu ba, amma ta ninke ta ta sa a cikin kwallar nan mai murfi da take ajiye likkafaninta, ta ce takardar ɗanta na jami'a ba za ta kwana a aljihun kowa ba. Duk baƙon da ya zo sai ta buɗe ta nuna masa.

Ƙorafinta ɗaya, wai da rana ɗakin yana riƙe zafi ba kamar da ba, kuma daɓen yana sa mata sanyi a gwiwa. Na ce mata haka gidan masu kuɗi yake.

Ka ci tuwo, kada ka dawo mana kamar sillen kara.

Uwargijiyarka,
Maijidda.

*

Zariya,
7 ga Maris, 1976.

Baiwata Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan gwiwar Inna ta yi sauƙi, Halima kuma ta fara gudu. Ki yafe mini shirun shekara guda. Dogon hutun da ya wuce a Kaduna na yi shi wurin wani aikin gini, sai saƙon baki na riƙa aikowa ta hannun mahaifiyata a Gusau.

Yanzu ki gyara zama, ki riƙe ɗankwalinki, za ki ji abin da ba a taɓa ji ba: ubangidanki ya yi kuskure.

Ashe darasin tubalin nan rabinsa muka gani. Bana malamin ya sake kawo tubali biyu, na tsirara da mai rigar siminti, amma bai zuba musu ruwa ta sama ba. Ya tsayar da su a cikin faranti mai ruwa kaɗan, iya gaɓar yatsa, ya ce mu dawo bayan mako biyu. Ruwa yana hawa cikin ƙasa da kansa, yadda kananzir yake hawa lagwani. Da muka dawo, na tsiraran gindinsa ya jiƙe amma samansa a bushe, don abin da ya sha iska tana kwashewa. Mai simintin yana nan tsaf, kamar ranar da aka ajiye shi. Malamin ya ɗan buge shi da guduma. Rigar ta fashe kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki ya zubo kamar kunu.

Ya ce siminti da jar ƙasa ba sa tafiya tare. Rana ta gasa su, sanyi ya kama su, kowanne ya motsa irin nasa motsin, sai simintin ya yi 'yan tsage siriri kamar gashi. Ruwan sama ya shiga ta nan, damshin ƙasa ya hawo ta gindi, babu wanda yake da hanyar fita. Daɓen siminti kuma yana kora damshin duka zuwa gindin bango. Bangon gabas ya fi kowanne shan wuya, don ta can ruwanmu yake bugowa. Ga nauyin soro a kai, da ƙasa da azara da simintin da muka ƙara masa.

Saboda haka ki sa Arzika ya ɗauki guduma ya fasa abin da ya kashe wa dukiya, daga ƙasa zuwa ƙugu, ciki da waje, tun rani bai ƙare ba. A bar bangon ya bushe, a je a ba Baba Labbo haƙuri ya zo da makubarsa. In ba haka ba wata rana ɗakin zai durƙusa ya gai da Inna, ku ce ban faɗa ba. Na so in ga fuskar Arzika ranar da za ki karanta masa wannan.

Ubangidanki mai tuba,
Attahiru.

*

Tsafe,
11 ga Afrilu, 1976.

Bawana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Halima ta iya cewa "a'a", ba ta da wata kalma sai ita. Malam Buba an tura shi kwas Sakkwato na wata shida. Inna tana gaishe ka.

Tabɗi! Sufeto ya sake zuwa ke nan. Na karanta wasiƙarka a ofishin malamai, na yi dariya har hedimasta ya leƙo ya ga ko lafiya. Wato ka zauna ka ƙulla yadda za ka sa Arzika ya ɗauki guduma ya rushe aikinsa da hannunsa a gaban mutanen Rawayya, sannan ka rubuto ka ce ai wasa kake yi. Ka iya, na yaba maka. Har da faranti, har da gaɓar yatsa! Wancan karon tsintsiya ka sa na ɗauka, wannan karon guduma kake so. Ba ka same ni ba, ɗan nema.

Ɗakin da kake cewa zai durƙusa ya ci damina guda cur, ko ɗigo bai zubo ba. Bara ruwa ya dawo bayan shekarun farin nan, katangun gari da yawa sun zube, na Inna yana tsaye yana sheƙi. Na je makon jiya na gani da idona. In ilimin naku na jami'a kowace shekara sai ya juya riga, to ka bari sai ka kai shafin ƙarshe ka gaya mana.

Na ba Arzika labari, ya ce a gaya maka gudumar tana nan yana ajiye maka, a kanka za ta sauka. Inna ban gaya mata ba, don ita ba ta san wasa a kan ɗakin nan ba.

Taka tana nan tana nuna, kada ka ɗauka na manta.

Uwargijiyarka,
Maijidda.

*

Yola,
4 ga Yuli, 1976.

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya, an turo ni nan Yola aikin koyo na dogon hutu. Wasiƙarki ta Afrilu ta kwanta a Zariya cikin takardun wani mai irin sunana, sai jiya ta biyo ni nan. Duk watannin nan na ɗauka shirunki yana nufin an yi aikin.

Ki duba yadda na kira ki a sama. Ban taɓa kiran ki haka ba. Wallahi tallahi ba wasa nake yi ba. Na rantse da Wanda raina yake hannunsa. Laifina ne. Kunya ce ta kama ni, ban iya cewa na cuce ku kai tsaye ba, sai na lulluɓe maganar da tsokana. Ki aje wancan, ki karanta wannan.

Tsayawar da ɗakin ya yi bara ba shaida ba ce. Bara ya sha ruwa ne ya riƙe, rani bai iya busar da shi ba saboda simintin, bana zai ƙara a kan na bara. Kuma yanzu lokacin fasawa ya wuce. Kada kowa ya taɓa bangon da guduma cikin damina, simintin ne kaɗai ya rage yana riƙe da shi. Abin yi ɗaya ne: a fitar da Inna. Ta koma ɗakin ciyawar da ke bayan rumbu, ko ki tafi da ita Tsafe, ko Arzika ya kai ta Gusau. Ko tana kuka a fitar da ita.

In kina shakka ki je ki duba da kanki. Ki shiga ki shaƙa, in kin ji wari irin na gindin randa, ruwa ne a cikin bango. Ki duba ƙasa-ƙasa ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa ta cikin fenti. Ki ƙwanƙwasa da yatsa: bango mai lafiya ba ya amsawa, in ya amsa kamar ganga to ƙasar ta rabu da simintin. In ƙofa ta fara cijewa, soron ne yake sauka a hankali. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce tsaga a kwance, kusa da ƙasa, a bangon gabas. In kin ga wannan kada ki tsaya ɗaukar ko tabarma.

Ki je wurin Baba Labbo ki ce Attahiru ya ce shi ne mai gaskiya, ni ne jahili. Ki faɗa a gaban mutane in hakan zai sa a saurare shi.

Na sa adireshin makarantarku kamar kullum. Don Allah ki amsa ranar da ta same ki. Tsoro nake ji, Yaya, ko abinci ba ya shiga.

Ƙaninki,
Attahiru.

*

Rawayya,
25 ga Yuli, 1976.

Bawana mai fushi,

Assalamu alaikum. Shiru tun Afrilu! Don na gano ƙullinka shi ne ka ɗauke alƙalami? Haba, birkila, kada ka zama mai ƙaramar zuciya. Na biya Gusau wurin mahaifiyarka, ita ta ba ni adireshinka na Yola. Tana lafiya, ta ce ka rage yaji.

An ba mu hutu tun farkon wata, na kulle gidan Tsafe na taho Rawayya da Halima, tunda Malam Buba yana Sakkwato. A ɗakin Inna muke kwana mu uku, ɗakin da ka ce zai gaishe ta. Har yanzu dai bai durƙusa ba, ina ganin girman kai gare shi irin naka.

Ruwa bana sai godiya. Gero ya fi mutum tsawo, hanyar Bungudu ta yanke sau biyu. Komai a jiƙe yake. Ɗakin ma wani wari yake yi kamar an kwana da randa a ciki, kullum sai mun yi turare. Buzun sallar Inna ba ya bushewa, ka san a jikin bangon gabas take shimfiɗa shi, goshinta har yana kusan taɓa fenti. Na ce ta matsa baya, ta ce nan ta yi shekara talatin tana sallah, ba ni zan canza mata wuri ba.

Bari in ba ka dariya. Bangon ya fara fitar da wani farin abu kamar kanwa, akuyar Inna ta gano, kullum tana can tana lasa ta waje. Inna ta ce ɗan nan Attahiru ya yi mana ɗaki mai ba da kanwa kyauta. Halima kuwa ta samu ganga. Akwai wani wuri kusa da buzun, in ta buga da ludayi sai ya ce dum, dum. Tun safe take kiɗa, Inna tana yi mata tafi. Ƙofar ce kawai take ba ni haushi, ta kumbura da damina, sai na sa kafaɗa take buɗewa.

Akwai wata 'yar tsaga da ta fito a kwance ƙasa-ƙasa, tsawon hannu. Arzika ya zo ranar Asabar da ragowar siminti ya cike ta, ya shafe, ba ka ko ganin wurin.

Baba Labbo ya tsufa ƙwarai. Shekaranjiya ya shigo gidan, karon farko tun ranar da aka yi masa dariya. Bai gai da kowa ba, ya je ya kara kunnensa a bango. Ya ce, "Yelwa, fito daga ɗakin ga." Inna ta ce, "Ɗana ya gyara man shi da guminai, ɗana na jami'a ya sa hannu. In na fita mi za a ce?" Ya ce, "A ce kina da rai." Ta yi dariya ta ba shi goro, bai karɓa ba. Ban ɓoye maka ba, da ya fita sai da gabana ya faɗi. Amma na tuna har yanzu yana jin zafin abin da aka yi masa.

Arzika zai sa wannan a gidan waya na Gusau. Ka daina fushi ka rubuto.

Uwargijiyarka,
Maijidda.

*

Wayar tangaraho daga Yola zuwa ga Arzika Jibo, Gusau,
Litinin, 9 ga Agusta, 1976.

FITAR DA INNA MAIJIDDA HALIMA DAGA ƊAKIN YAU. BANGO ZAI FAƊI. BA WASA BA NE WALLAHI. INA HANYA. ATTAHIRU.

*

Tsafe,
3 ga Oktoba, 1976.

Attahiru,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Halima lafiya. Malam Buba ya dawo. An yi sadakar arba'in kafin Sallah, mun gode da abin da mahaifiyarka ta aiko.

Ka iso ranar Juma'a, kwana ɗaya bayan an kai Inna makwancinta. An ce mini ka zauna a zaure kwana uku ba ka ɗaga kai ba. Ka aiko sau biyu kana son ganina, ban fito ba. Ba zan iya kallon ka ba a lokacin. Maza sun ba ka labari, amma ba su suke wurin ba, ni nake wurin.

Kwana uku ana ruwa ba tsayawa. Ranar Alhamis da azahar ya ɗauke, rana ta fito tas. Na ji daɗi, na kwaso tabarmi da zannuwa na fita shanya, Halima tana bayana a goye don kada ta hana ni aiki. Aka kira la'asar. Inna ta yi alwala, ta sa kafaɗa ta ture ƙofar, ta juyo ta ce in bar mata igiya ɗaya ta shanya buzunta in ta idar. Ina jin kabbararta ta farko daga inda nake. Babu wata ƙara mai girma, Attahiru. Wani sauti na ji kamar buhun hatsi ya zame daga kan jaki. Na juyo na ga bangon gabas ya zauna, soron ya bi shi.

Baba Labbo ne ya fara isowa, da sandarsa da komai. Shi ya nuna inda za a tona, don ya san inda kowace azara take. Simintin yana ɓallewa falle-falle da shuɗin fentinsa, abin da ke bayansa kuwa da hannu aka riƙa kwashe shi, ba a bukaci fartanya ba. A kan buzunta aka same ta. Tsohon bai ce wa kowa ai na faɗa ba. Ya zauna a kan caɓin ya yi ta kuka.

Wayarka ta sami Arzika ranar Talata. Ya gaya mini da bakinsa. Ya karanta, ya nuna wa abokan aikinsa, ya ce taubashinsa ya yi kuɗi, yanzu da tangaraho yake tsokana. Duk da haka ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi niyyar zuwa ranar Asabar. Yanzu kansa yake ɗora wa laifi. Ya ce shi ya cike tsagar da hannunsa.

Da aka koma makaranta hedimasta ya miƙo mini wasiƙarka ta huɗu ga Yuli. Ta iso kwana biyu bayan tafiyata, ta yi wata biyu a cikin aljihun teburinsa. A tsaye na karanta ta. Warin randa, kanwa, ganga, ƙofa, tsaga. Babu wanda ban gani ba. Babu wanda ban rubuto maka ba ina dariya. 'Yata ta yi makonni tana kiɗa a wurin nan, muna yi mata tafi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai ranakun da nake jin haushinka har ba na son jin sunanka. Ka ga rabin darasi ka aiko mana da shi. Da ka ga ɗaya rabin sai ka aiko shi da dariya. Akwai kuma ranakun da haushin kaina ya fi, don tsoho ya faɗa da Hausa a gabana, na ce zafin rai ne. Kwana ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Amma har yanzu in Halima ta ɗauki ludayi ta nufi bango, sai in ji na fizge hannunta da ƙarfin da ya fi laifinta.

Na kai wa Baba Labbo saƙonka, a gaban mutane kamar yadda ka ce, ko da yake ya makara. Ya ce in ka gama karatun ka zo da rani ka taka masa ƙasa, akwai abin da yake son nuna maka tun idonsa yana gani. Ka je. Kada ka bar karatun kamar yadda na ji kana cewa za ka yi. Ka kai shi ƙarshe.

Abu na ƙarshe. Da za a yi wa Inna sutura aka rasa likkafani, sai na tuna da kwallar. Aka koma aka tono ta, murfin ya lotsa amma bai buɗe ba. Wasiƙarka ta farko tana sama, a ninke yadda ta ninke ta, gefen ya yi baƙi saboda yawan nuna wa baƙi. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Na ɗauke ta na miƙa wa mata likkafanin.

Ba zan iya ajiye ta ba, na kuma kasa ƙona ta, don ta so ta ƙwarai. Ga ta nan cikin ambulan ɗin nan.

'Yar'uwarka,
Maijidda.